Saniya marar tozo

'Yan uwa marubuta, a duwatsun Birnin Kudu da ke kudancin jihar Jigawa akwai shanu da aka zana a jikin dutse tun zamanin da ba a rubuta tarihinsa ba. A shekarun 1950 ne masu binciken kayan tarihi, cikinsu har da Bernard Fagg, suka rubuta bayanin waɗannan zane-zane a wurare irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude. Abin lura shi ne shanun ba su da tozo. Wasu dogayen ƙahoni gare su, wasu gajeru, amma duk bayansu a shafe yake. Yau kuwa in muka zaga karar shanu ta Maigatari, daga bunaji har rahaji, da wuya mu ga saniyar da ba ta da tozo. Wancan irin ya gushe daga yankinmu. Da mai zanen bai tsaya ya ƙare wa dabbarsa kallo ba, da yau babu mai nuna mana kamanninta.

Mafi yawan zanen da jan launi aka yi shi, irin wanda ake samu a ƙasa. Wannan dabara ta garin launi ita ce Turawa suka inganta suka kira ta fastel: a niƙa launi ya zama gari, a kwaɓa shi da ɗan ƙaro, a mulmula kamar alli, a busar. Mu ma ba baƙin ƙaro ba ne, da shi almajirai ke haɗa tawada. Da yake babu mai a cikin fastel, launinsa ba ya dafewa da tsufa, sai dai yatsa ɗaya kan iya goge aikin wata guda.

Da farko fuskokin masu mulki da masu kuɗi ake zanawa da shi. Rosalba Carriera, 'yar birnin Banis a Italiya, ta je Faris a 1720, manyan gari suka riƙa rububin ta zana su. Wanda ya fitar da wannan alli zuwa gona shi ne Jean-François Millet, ɗan manoma, wanda ya koma ƙauyen Barbizon a 1849. A shekarun 1860 ya duƙufa kan zanen makiyaya da tumakinsu, da masu shuka, da mata masu aikin gida. Bayan rasuwarsa a 1875 an yi gwanjon zanensa fiye da 90 a Faris. Injin noma ya canza ƙauyukan Faransa, amma mai son ganin yadda manomin wancan zamani yake riƙe fartanya, wurin Millet zai je.

To, mu dawo gida, mu gangara arewa maso gabashin Jigawa, zuwa Baturiya a ƙaramar hukumar Kirikasamma. Nan kogin Haɗeja ke bazuwa cikin fadama, ya cika tafkuna da damina, ya janye da rani. Rayuwar yankin a kan wannan zuwa da komawar ruwa aka gina ta. Masunci ya kama tarwaɗa da karfasa, manomi ya yanke shinkafa ya bi danshi da shuka, Bafillace ya sauko da garke in ciyawar tudu ta ƙare. Da hunturu tsuntsaye kan taso daga Turai su ƙetare Sahara su sauka nan. Saboda su da sauran halittun wurin aka sa Baturiya cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008.

Amma fadamar ta canza a idon iyayenmu. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ruwa ya daina zuwa da tafiya a kan lokacin da aka saba. Inda ya kwanta shekara cur, kacala ta toshe hanyoyinsa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar jan-baki masu cinye hatsi. Inda ya daina kaiwa, ƙasa ta bushe, kiwo ya ƙuntata, manomi da makiyayi suka koma kallon gona ɗaya. Dattijon da ya san Baturiya kafin Tiga yanzu ya haura sittin. Abin da ke kansa, in ba a ɗauka ba, da shi zai tafi.

Nan ne aikinmu yake. Ba kowannenmu ne ya iya riƙe allin zane ba, amma muna da alƙalami. Sau nawa muke rubuta "wani ƙauye mai ni'ima, tsuntsaye na ta kuka", mu wuce? Wane tsuntsu? Kirinjijiya mai fito cikin dare daban take da dinya mai nauyin tashi. Balbela bayan shanu take bi, zalɓe kuwa tsayawa yake cikin ruwa kamar an dasa shi. Goruba da gabaruwa da giyayya ba inuwa ɗaya suke yi ba. Mai karatu bayan shekara ɗari zai so ya san launin ruwan fadama a watan da ya fara janyewa, da sunan da masunta ke kiran kowace koma.

Saboda haka mu je mu gani da idonmu, mu zauna da masunta da makiyaya da tsofaffin mata, mu tambayi sunan kowane abu, mu rubuta shi yadda suka faɗa. Wanda ya zana shanun Birnin Kudu abin da ke gabansa kawai ya zana, bai san ranar da za a neme su a rasa ba. Mu kuwa mun san abin da ke faruwa da fadamar Haɗeja, don haka ba mu da uzuri.