Yadda Aka Gano Mabuɗin Ƙofar Kaluluwa

Mai karatu, idan yaronka ya ji ciwo a ƙafa, bayan kwana biyu sai ka ji kaluluwa ta fito masa a matsematsi. Abin da ya kumbura ɗin wani ɗan ƙullutu ne inda fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosait suke taruwa don su yaƙi cuta. Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne: yaya ƙwayar da jini ke kwasa da gudu take gane cewa ga inda za ta sauka?

A 1959, James Gowans na Jami'ar Oksfod a Ingila ya nuna, ta gwaji a kan ɓeraye, cewa waɗannan ƙwayoyi zagaye suke yi: su fita daga jini, su ratsa kaluluwa, su koma jini. A 1964 shi da abokiyar aikinsa Knight suka gano ƙofar da suke bi, wasu ƙananan jijiyoyin jini na musamman a cikin kaluluwar. An san ƙofa, saura mabuɗi.

A 1983 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka suka samar da wani sinadarin garkuwar jiki mai suna MEL-14, wanda idan ya manne a jikin limfosait sai ta kasa shiga kaluluwa. Ke nan akwai wani abu a fatar ƙwayar da aka toshe. A 1989 ƙungiyoyi biyu, ta Irving Weissman a Stanford da ta Laurence Lasky a kamfanin Genentech tare da Steven Rosen, suka ware ƙwayar gadon da ke ƙera wannan abu, suka kwafe ta, suka karanta tsarinta. Sai ga shi bakin furotin ɗin irin mai kama sukari ne. Rosen ya yi shekaru yana nuna cewa da sukarin da ke shafe a bangon jijiya ƙwayar take riƙo, kuma tsarin ya gaskata shi. Ƙwayar takan kama, ta saki, ta sake kamawa, tana mirginawa har gudunta ya ragu ta samu ta kutsa. Daga baya aka raɗa wa furotin ɗin suna L-selectin.

A wannan shekarar aka kwafe 'yan uwansa biyu, E da P, kuma a nan ne labarin ya taɓa gidajen masu sikila. P-selectin na cikin abubuwan da ke sa ƙwayoyin jini manne wa bangon jijiya har hanya ta toshe, ciwo ya tashi. A 2019 Amurka ta amince da maganin crizanlizumab mai toshe shi. Sai dai, gaskiya ɗaya ce, murnar ba ta ɗore ba: wani gwaji na gaba bai nuna yana rage tashin ciwo ba, Tarayyar Turai kuma ta janye izininsa a 2023.

Ita kuwa kaluluwar yaronka, idan ta wuce makonni kaɗan ba ta sace ba, ko ta yi tauri, ko ta zo da rama da gumin dare, a kai shi asibiti a duba.