Shehu Usmanu a Ɗagel, Uban Gida Kuma Malamin Mata



Kwamiti ya ce a sa tarihin mutumin kirki guda cikin takardar bikinmu ta bana, sai munka ga ba sai mun je nesa ba. Duk wadda ta taɓa shiga mota daga Illela zuwa Sakkwato ta bi ta ƙasar Gwadabawa, to a nan Ɗagel take, kusa da Cimmola. Maratta kuwa, inda anka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, tana ƙetaren iyaka cikin Nijar, wajen Galmi mai albasa, gaba da Ƙonni. Ke nan mu muna zaune tsakanin inda anka binne cibiyarsa da inda ya girma. Lokacin nan babu boda babu kwastan, duk ƙasar Gobir ce.

In an ambaci Shehu, Allah ya jiƙan shi, yawancinmu jihadi ke faɗo muna a rai, da tuta da dawaki. Amma a lissafa. Ya fara wa'azi wajen 1774, yana ɗan shekara 20. Bai yi hijira zuwa Gudu ba sai 1804. Shekara 30 ke nan yana bisa buzu da littafi a hannu. Waɗannan shekarun muke son mu duba, don su sunka fi shafar mu.

Gidan malamai ya tashi. Wajen mahaifinsa Muhammadu Fodiyo ya karanta Alƙur'ani, ya yi karatu ga 'yan uwan iyayensa, daga baya ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Da ya fara karantarwa bai tsaya ga almajirai masu Larabci kaɗai ba. Yana yi wa jama'a magana da Fillanci da Hausa, yana tsara waƙoƙi don wanda bai iya karatu ba ya hardace hukuncin alwala da salla yana kiwo ko yana noma. Ya yi yawon wa'azi Kabi, ya yi shekaru kamar biyar a Zamfara. Ɗansa Muhammadu Bello, a cikin Infaƙul Maisuri, ya siffanta shi da sakin fuska da haƙuri ga masu tambaya, ya kuma ce kafin ya fita ga jama'a yakan ɗan dakata ya sabunta niyya. Mu da munka zauna ajin yaƙi da jahilci da furfura a ka mun san darajar malamin da ba ya tsawa in an tambaye shi abu guda sau uku.

Kuma ba ya karɓar lada. An daɗe ana ba da labarin cewa igiya yake tufkawa a sayar ya ci da iyalinsa. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai ranar salla a Magami ya yi musu kyauta mai yawa, Shehu ya ƙi karɓar tasa. Abin da ya roƙa a madadinta na jama'a ne: a bar shi ya yi wa'azi, kar a hana mai son amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Mai sana'ar igiya ne ya mayar wa sarki dukiya ya nemi a rage wa wasu haraji.

To, ga inda muke son mazajenmu su gyara zama. Wurin wa'azin Shehu mata na zuwa, kuma hakan bai yi wa kowa daɗi ba. Wani malami, Mustafa Gwani, ya aiko da waƙa yana zargin cewa maza da mata na haɗuwa a majalisinsa. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya ba da amsa. Abin da amsar ta ƙunsa shi ne su ma ba su yarda da cakuɗuwa ba, ana ware wa mata wurinsu, amma barin mata cikin jahilci ba su san abin da Allah ya ɗora musu ba ya fi muni. Shehu da kansa ya rubuta littafi kan halaccin kafa majalisi don karantar da mata. A cikin Nurul Albabi kuma ya yi wa malaman zamaninsa faɗa mai zafi, waɗanda ke zama safe da yamma suna karantar da ɗiyan wasu don a ce musu malam, alhali matansu da ɗiyansu mata na cikin gida ba su san ko hukuncin tsarki ba. Ya kuma gargaɗi mata kar su ruɗu da mai yi musu wa'azin biyayyar miji kullum, ba ya taɓa faɗa musu biyayyar Allah da Manzonsa.

Ba za mu sa wa Shehu maganar da bai yi ba. Mutum ne mai tsanani kan sutura da fitar mata ba dalili, kuma in da zai ga turereniyar kasuwar Illela ranar Lahadi, da akwai abin da zai ce muna. Amma hukuncin da ya tsaya a kai a fili yake: wajibi ne miji ya karantar da matarsa, in ba ya iyawa ya bar ta ta tafi inda za a karantar da ita. Babu hanya ta uku da za a ce shi bai koya mata ba kuma ya hana ta fita koyo. Mun faɗi haka ne don har yanzu akwai kujeru a ajinmu na yamma da masu su sunka daina zuwa, kuma ba ciwo ya hana su ba. Akwai kuma 'yan mata da anka cire daga makaranta ana tsakiyar zango don a ɗora musu talla. Wannan na biyun kam ba laifin maza kaɗai ba ne, mu uwaye ke aza musu faranti a ka.

Abin da ya sa maganar Shehu ta yi nauyi shi ne a gidansa ya fara aiki da ita. Matansa, irin su Maimuna da A'isha da Hauwa mahaifiyar Bello, masu karatu ne da ibada. Ɗiyarsa Hadiza malama ce, ta auri Malam Tafa, ita ta haifi Abdulƙadir ɗan Tafa, babban malamin nan na Salame, nan cikin ƙasar Gwadabawa. Nana Asma'u kuwa a Ɗagel anka haife ta, 1793, ita da ɗan tagwaicinta Hassan. Bisa al'ada da Hassana ko Husaina za a kira ta, amma uban ya zaɓa mata sunan Asma'u ɗiyar Sayyidina Abubakar. Ta tashi ta hardace Alƙur'ani, tana rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa.

Tana da kamar shekara 11 anka yi hijira. Sarakunan Gobir na baya, Nafata da Yunfa, sun matsa wa jama'ar Shehu, har an hana maza rawani an hana mata lulluɓi. Cikin watan Fabrairu 1804 sunka bar Ɗagel da mata da yara da tsofaffi. Cikin abin da anka ɗora wa raƙuma har da littattafai, wani Buzu mai suna Agali ya taimaka wajen ɗaukarsu. Duk wadda ta taɓa tashi daga gida da gaggawa ta san ba kowane kaya ake tsayawa ɗauka ba.

Shekarun yaƙi sun zo da yunwa da mutuwa, masu tarihi sun rubuta su, ba za mu tsaya kansu ba. Alƙalawa ta faɗi a 1808. Da ƙasa ta samu, Shehu bai zauna gadon mulki ba. Ya raba aikin tsakanin Abdullahi da Bello, shi ya zauna Sifawa ya koma ga karantarwa da rubutu. Ya dawo Sakkwato a 1815, Allah ya karɓi ransa a 1817.

Tarbiyyar gidan nan ba ta bi shi kabari ba. Asma'u ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Bello, ta haihu, ta riƙe gida, kuma ta ga matan ƙauye ba su iya barin ɗiya da aiki su zo birni karatu. Sai ta zaɓi dattijai mata masu hankali daga ƙauyuka, ta naɗa kowacce jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle a ɗaure bisa. Jaji kan taho da ayarin tsofaffi da 'yan mata a ƙasa har Sakkwato, su koyi waƙoƙin karatu, su koma su koya wa matan aure da ke gida. Su ake kira 'Yan Taru. Tsarabar da suke kawowa, hatsi da man shanu da zuma, ana raba ta ga mabuƙata. A garuruwansu su ke wankan gawar mata, su duba marasa lafiya, su sasanta rigima tsakanin mata. Da munka ji wanga tsari a aji sai munka dubi juna, don ya yi kama da yadda muke raba kanmu unguwa-unguwa, kowace da shugabarta mai tara kuɗin adashi da kai saƙo. Bambancin shi ne su karatu sunka sa gaba, taimakon ya biyo baya.

Asma'u ta rasu a 1864, anka binne ta Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru, tana karɓar jajis tana naɗa sababbi, har ta tsufa.