Hadaya a Addinin Kirista

Hadaya ita ce abin da mutum ke miƙa wa Allah domin neman yardarsa. A Tsohon Alkawari galibi ana yanka dabba ne a kan bagade, kuma Littafin Firistoci ya fayyace ire-irenta, kamar hadayar ƙonawa da ta salama da ta zunubi. Kiristoci sun gaskata cewa mutuwar Yesu Almasihu a kan gicciye ita ce cikamakin hadayu, shi ya sa ba sa yanka don neman gafara. Manzo Bulus, a sura ta 12 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa, ya koyar cewa rayuwar mai bi gaba ɗaya ita ce hadayar da Allah ke karɓa. Biyayya da gaskiya da jinƙan marasa ƙarfi sun fi yawan abin da aka bayar muhimmanci.

Wannan koyarwa tana da nauyi ga Hausawa Kiristoci na ƙauyukan Ƙaraye da Rogo, a yammacin Jihar Kano. Da yawansu zuriyar Maguzawa ne, waɗanda kakanninsu kan yanka kaza ko akuya ga iskoki. 

A yau hadaya tana bayyana ta baiko da zakka da azumi. Da kaka, manomi kan ɗauko damin dawa ko buhun masara ya ajiye a gaban majami'a, godiya ga Wanda ya ba da ruwa da albarka.