Ƙwayoyin Hanji da Maganin Sankarar Kaluluwa: Me Ya Haɗa Su?

Limfoma sankara ce da ke kama fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki, kuma takan bayyana da kumburin kaluluwa a wuya, hammata ko matsematsi. Nau'in da ya fi addabar yaran Afirka shi ne na Burkitt, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Yakan kumbura muƙamuƙi ko ciki cikin 'yan makonni, kuma yana da alaƙa da ƙwayar cutar Epstein-Barr da yawan kamuwa da zazzaɓin cizon sauro. Ana warkewa idan an fara maganin kemo da wuri, kuma cyclophosphamide na cikin manyan magungunansa.

A 2013, ayarin Laurence Zitvogel na cibiyar Gustave Roussy a Faransa ya nuna a jikin ɓeraye cewa wannan magani na samun taimakon bakteriyar hanji. Yana sassauta bangon hanji, sai wasu ƙwayoyin su tsallaka zuwa saifa da kaluluwa, su zaburar da garkuwar jiki ta far wa ƙarin. Ɓerayen da aka kashe musu waɗannan ƙwayoyi da antibayotik ba su amfana da maganin sosai ba. Galibin hujjojin daga dabbobi suke, kuma ana ci gaba da bincike a kan mutane.

Batun ya shafi arewacin Zamfara ta fuska biyu. Tamowa na sauya ƙwayoyin hanjin yaro, kuma a 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce kusan ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar a Shinkafi da Zurmi na fama da ita. Sannan ana sayen antibayotik a kemis ba tare da takardar likita ba, yayin da rashin tsaro ke jinkirta tafiya daga Kaura Namoda ko Zurmi zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, balle asibitocin koyarwa na Sakkwato da Zariya.

Kemo na rage fararen ƙwayoyin jini, don haka zazzaɓi ga mai shan sa lamari ne na gaggawa, kuma antibayotik ɗin da likita ya rubuta kan ceci rai. Haɗarin yana cikin shan sa barkatai. Kumburin da ya ƙi sacewa bayan makonni na buƙatar gwajin asibiti, kuma haƙƙi ne a kan gwamnati ta kusantar da wannan gwaji ga talaka.