Lissafin malamin 'yan mata da ya jira shekara 28

A 1885, a garin Basel na ƙasar Suwizalan, akwai wani dattijo mai suna Johann Balmer, malamin lissafi a makarantar 'yan mata, yana da shekara 60 a duniya. Masana sun riga sun san cewa idan iskar haidirojin ta yi haske aka ratsa shi ta gilashi mai kusurwa uku, ba cikakken bakan gizo ake gani ba, layuka huɗu ne rak, daga ja zuwa shunayya. Tsawon zangonsu nanomita 656, 486, 434 da 410. Balmer ya tasa lambobin nan a gaba, ya yi ta juya su har ya samo ƙa'ida guda mai fitar da duka huɗun. Dalilin da ya sa ta yi daidai kuwa, har ya rasu a 1898 babu wanda ya gano.

A waccan shekara ta 1885 aka haifi Niels Bohr a Kofanhegan.

A 1911 Ernest Rutherford ya nuna a Mancesta cewa kusan duk nauyin ƙwayar zarra yana dunƙule a wata 'yar cibiya, elektaron kuma na wajenta. Sai aka ɗauka zagaya ta yake yi, kamar yadda duniya ke zagaya rana. A nan fa gizo ke saƙar. Abin da ke zagaye kullum yana sauya alƙibla, kuma bisa ƙa'idar Maxwell, mai ɗauke da cajin lantarki in yana haka dole ya riƙa zubar da ƙarfinsa a matsayin haske. Ke nan elektaron zai rufta cikin cibiya tun kafin ƙiftawar ido. Ga lissafi ya ce komai ya rushe, ga duniya tsaye garau.

Bohr ya je wurin Rutherford a 1912, ya koma gida da matsalar a kai. Farkon 1913 wani abokin aikinsa, Hans Hansen, ya tambaye shi ko ya duba ƙa'idar Balmer. Da ya duba, sai ya yi ta maza. Ya ari ra'ayin Max Planck na 1900, ya ce elektaron ba ya zagayawa inda ya ga dama. Matakai gare shi ƙayyadaddu, irin na tsani, babu tsayawa tsakanin biyu. Muddin yana kan mataki ba ya fitar da haske, sai in ya diro ƙasa, launin hasken kuma ya danganta da tazarar. Jan layin nan dira ce daga mataki na 3 zuwa na 2.

Rutherford bai haɗiye wannan bayani da sauƙi ba. Ya tambaya a wasiƙa yadda elektaron zai san inda zai tsaya tun bai tashi ba, ya kuma ce rubutun da Bohr ya aiko masa ya yi tsawo. Bohr, da yake mutum ne mai naci, ya taso takanas har Mancesta ya kare shi. Aka fara buga shi a Yulin 1913.

A ganina hujja mafi gamsarwa a kan waɗannan matakai daga Balin ta zo a 1914, inda Franck da Hertz suka ga tururin zaiba ba ya karɓar ƙarfi sai elektaron ya kai na bolt 4.9.

Bohr ya ci kyautar Nobel a 1922, amma tsarinsa ya ci tura a kan hiliyam, mai elektaron biyu kacal. Heisenberg a 1925 da Schrödinger a 1926 suka kawar da maganar hanyoyin zagaye, suka bar matakan yadda suke.