Tarihin Kariya a Kunamar Bindigar Ƙanƙara

Manufar wannan takarda ita ce nuna yadda maƙeran Turai suka magance tashin bindiga ba da nufin mai ita ba. Bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki ba ta saukuwa da sauƙi, don haka maharbi ko soja yakan yini ɗauke da ita a ɗure. Idan ƙarfen da ke cije da ƙanƙara, wanda Ingilishi ke kira zakara, ya kuɓuce, to sai wuta ta tashi, ta halaka na kusa.

A wajen 1610 ne Marin le Bourgeoys, wani maƙerin Faransa, ya daidaita ƙirar da ta zama abin koyi. A cikinta an yanka gurbi biyu. Na farko mai zurfi ne, inda zakara ke tsayawa a rabin hanya, ko an danna kunama ba ya motsi. Na biyu shi ne na harbi.

Maƙeran Ingila kuwa sun daɗe suna ƙara wata ƙugiya daga waje, wadda suke kira kare, tana kama zakara ta baya. An yi Yaƙin Basasar Ingila na 1642 zuwa 1651 da irin wannan bindiga. Sai a farkon ƙarni na 18, da gurbin ciki ya samu amincewa, aka bar ƙugiyar.

Amma fa gurbi yakan cinye da tsufa. Shi ya sa amincin bindiga bai taɓa wuce ingancin ƙarfenta da kulawar mai ita ba.