Daga Gona Zuwa Gadon Mulki a Arewacin Zazzau

Ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan ƙasar noma ce tun kaka da kakanni, ta shahara da rake da tumatir. Amma a zamanin En'e, mai riƙe da fartanya ba shi da ta cewa a sha'anin mulki. Sarkin Zazzau ke naɗa hakimai, dagatai su tara haraji, talaka kuwa nasa biya.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 shi ya buɗe wa manoma ƙofar majalisa. A 1979 kuma aka zaɓi Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, mutumin Kaya, gwamnan Jihar Kaduna a jam'iyyar PRP. Masanin lissafin kuɗi ne, manomi kuma. Da hawansa ya soke haraji da jangali, gwamnatinsa ce kuma ta kafa masana'antar tumatir ta Ikara. Majalisa, wadda 'yan NPN suka fi rinjaye a cikinta, ta tuɓe shi a watan Yuni na 1981.

Bayan shekara goma sha takwas mulki ya zo hannun ɗan wannan yanki, watau Alhaji Ahmed Muhammad Maƙarfi, wanda ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007. Shi ta hanyar Jami'ar Ahmadu Bello da aikin banki ya biyo.

Abin lura a nan shi ne, gona ita ke ba da ƙuri'a, amma makaranta ke kai mutum kan kujera. Malamin ƙauye ya riƙe wannan, domin ɗan manomin da ke gabansa yana iya zama mai yanka dokar gobe.